Asalin Cukun Kakata

Shekara arba'in ke nan da ɗoriya ban sa cuku a bakina ba. Ba ciwo ya hana ni ba, haƙorana kuwa har yau suna fasa goro. In Buzaye sun shigo gari da shi, wani ya saya ya kawo mini tsaraba, nakan yi godiya in ce a ba yara. Jikokina sun ɗauka wani sirri ne na malamai. Babu wani sirri. Wata tambaya ce da wani Bajamushe ya yi mini, da kuma taurin kaina, wanda ya fi tambayar ɓarna nesa ba kusa ba.

Gidanmu yana bayan Hubbare, gidan karatu ne tun kakanni. A lokacin da nake magana Nasara sun yi kamar shekara goma da cin garin. Ni kuma ba yaro ba ne, balle in fake da ƙuruciya: ina da mata da 'ya ɗaya, ina taya mahaifina biya wa ɗalibai karatu a zaure, har gemu ya fara fito mini ina shafa shi in zan yi magana. Kakata, wadda ta haifi babana, tana nan da ranta a ɗakin ƙuryar gida, kusa da turken awaki. Abin da muka tashi muka ji game da ita shi ne ɗiyar wani malami ce daga can Adar, kuma danginta sun ƙare. Ban taɓa tunanin akwai abin da ya wuce haka ba.

Ita kaɗai ce a unguwarmu take yin cuku. Da sassafe za ta tatsi awakinta, ta ɗauko wani ɗan busasshen tumbi na ɗan akuyar da bai fara cin ciyawa ba, ta jiƙa shi ta ɗiga ruwan cikin madarar tun da ɗuminta. In ta daskare sai ta riƙa kwasa da ludayi tana shimfiɗawa a kan wasu ƙananan tabarmi na kara, ta daidaita shi falle-falle, ta naɗe bakin, ta danna babban yatsanta a kusurwa ɗaya, ta ɗora a kan rumfa ya sha rana. In ya bushe za ka ga layin tabarmar ya fito a jikinsa. Nawa daban take ajiye mini, wanda ya fi kauri, a ƙarƙashin faifai.

Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, kuma mun kai shi inda ba kowa ke kai shi ba. Ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "mijina". Ni kuma in ce mata "amarya". In na shigo da hantsi za ta ce ga mijin da ba ya cefane sai ci, in ce amaryar da ba ta da haƙori ai ta gode Allah da ta sami mai zama da ita. A duk gidan nan mai cike da kunya da sunkuyar da kai, ɗakinta ne kaɗai inda nake miƙe ƙafa in yi dariya da ƙarfi.

Doka ɗaya ce gare ta a kan cukun nan. Ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba ya ƙetare ƙofar gida. Ta sha gaya mini tana nuna ni da ludayi: "Cukun ga na cikin gida na. Ranad da kaf fidda shi waje, ni da kai mun rabu." Na ɗauke shi rowar tsofaffi, ina ci ina dariya.

Bajamushen nan ɗan kasuwa ne, ba ya cikin Turawan da ke mulki. Jar fatar akuya yake saye, yana da wani shago na laka da babbar rumfa a bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar Atiku. Ya aiko yana neman malamin da zai koya masa karatun ajami ya kuma gyara masa Hausa, don tasa Hausar ta Kanawa ce, ita ma ta karkace a hanya. Babana ya ce shi ba ya zuwa. Ni na ce zan je, bai ce mini i ba, bai ce a'a ba. Kullum da safe nakan tafi in zauna da shi cikin warin fata har rana ta ɗaga. Mutum ne dogo mai haƙuri, yana da wani ɗan littafi da yake tara kalmomi a ciki kamar yadda mata ke tara kwanoni.

Wata rana na tarar ya sayi kindirmo mai kyau, ya juye shi cikin farin ƙyalle, ya ɗaure ya rataye a jikin dirkar rumfa, ruwan yana ɗiga a ƙasa. Na ce a raina wannan wane irin almubazzaranci ne. Da ya tsane sai ya kwance, ya barbaɗa gishiri, ya yanka albasa, ya ci yana lumshe ido. Ya ce abin da uwarsa ke ba shi ke nan a ƙasarsu, kuma sunansa "kwark". Na ce sunan ya yi kama da kukan wani tsuntsu. Ya yi dariya, ya ce ai kalmar ma ba tasu ba ce tun asali. Akwai wasu mutane a gabas da su, masu wani harshe daban, waɗanda kakanninsa suka fi ƙarfinsu suka zauna cikin ƙasarsu. A bakin waɗannan mutanen aka ɗauko sunan, su suna cewa wani abu kamar "twarog", bakin Jamusawa ya tauna shi shekara da shekaru har ya koma yadda yake. Ya ce malamansu sun bi sawun kalmar har suka gano haka.

Sai ya buɗe littafinsa ya ce, "To, Malam, na ga wani abu a kasuwar Kano, ana ce masa cuku. Kalmar wace ƙabila ce?"

Na ce Hausa ce mana.

Ya ce, "Wa ya faɗa?"

Duk wanda ya tashi a gidan karatu ya san nauyin wannan tambaya. Mu ba ma karɓar magana sai da sanadinta: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga tushe. Na buɗe baki na rasa sunan da zan kama. Bajamushen bai yi mini dariya ba, da ma ya yi. Cewa ya yi yana mamakinmu, muna iya jero malaman littafi ɗaya bayan ɗaya har zuwa wanda ya wallafa shi, muna sanin uban doki da kakansa, amma abin da muke ci kullum ba mu san daga ina sunansa ya zo ba. Ya ƙara da wata magana da ban manta ba: "Kalma ba ta da ƙafa, Malam. Mutum ne yake ɗauko ta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji kamar ba ni kaɗai ya taɓa ba, har da babana da zaurenmu da garin duka. Na ce masa ya ba ni kwana bakwai zan kawo masa asalin kalmar da sanadinta. Ina tafiya gida ina murna, don a ganina mai amsar tana zaune kusa da turken awakinmu.

Na fara duba littattafan lugga na Larabci da ke gidan, don kada a ce na tsallake manya. Babu ko ƙanshin kalmar. Sai na shiga wurin kakata, na same ta tana kwasar madara da ludayi.

Na ce, "Amarya, wa ya koya miki cukun ga?"

Ta ce, "Mijin banza. Ci kaka so ko shari'a?"

Na ce da gaske nake. Ta ce hannunta ya koya mata. Na ce to wa ya koya wa hannun? Sai ta juya ta hau faɗa da wata akuya da ba ta yi komai ba. Na tsaya na gaji, na ɗauki rabona a ƙarƙashin faifai na fita. Na ce tsufa ne.

Na je wa babana da maganar bayan ɗalibai sun tashi. Bai ɗago daga takardar da yake dubawa ba ya ce, "Bari wagga magana." Na fara yi masa bayanin abin da Bature ya ce, da yadda mutuncin karatunmu yake ciki. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba. Na ce ka bari." Na fita ina cewa a raina ƙyamar aikina da Nasara ce take sa shi haka. Karin maganar nan na san ta tun ina yaro, na sha faɗa wa wasu, amma ranar da aka jefe ni da ita sai ta wuce ta saman rawanina.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo nono gidanmu tun kafin a haife ni. Na tare ta a ƙofar gida na tambaye ta. Ta ce su kindirmo suka sani da man shanu, cuku ba nasu ba ne. Na ce to ai kin daɗe kina shiga gidan nan, ba ki taɓa jin inda tsohuwa ta koya ba? Sai ta tambaye ni lafiyar 'yata. Na amsa, na maimaita tambayata. Ta tambaye ni ko an yi ruwa wajen gonarmu. Na amsa, na sake maimaitawa. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ce in gai da mutanen gida, alhali daga cikin gidan ta fito.

Na ƙarshe shi ne wani dattijon malami maƙwabcinmu, abokin marigayi kakana, wanda ba a taɓa kawo masa mas'ala ya rasa abin cewa ba. Ko sauro ka tambaye shi hukuncinsa sai ya kai ka azahar. Da na faɗi abin da ke tafe da ni sai ya daɗe yana kallon tabarma, ya ce, "Allahu a'alamu," ya laluba aljihu ya ba ni goro.

Har yau in na tuna makonnin nan sai kunya ta rufe ni. Mu mutanen garin nan muna da wata ɗabi'a: in ka nufi rami, babu mai ce maka ga rami. Wannan zai yi gyaran murya, wancan zai ba ka goro, wata za ta tambaye ka labarin damina, kowa ya tafi gida yana ganin ya sauke nauyi. In ka faɗa kuma a ce ai an gaya maka. Mutum huɗu na tambaya, duk sun san abin da nake takawa, kuma babu wanda ya ja hannun rigata zuwa gefe ya faɗa mini kalma uku. Na san laifina ne ya fi yawa. Amma ban yafe wa goron nan ba.

Kwana bakwai suka zama wata ɗaya da rabi. Kullum in na isa rumfar fata, bayan gaisuwa, sai Bajamushen ya ce, "Malam, ina labarin cuku?" Ba da izgili yake faɗa ba. Ya ma nuna mini shafin da ya rubuta kalmar, ya bar fili fari a gabanta, ya ce wurin amsata ne. Wannan filin ya riƙa bina har cikin salla.

Ana haka sai ayarin Azbinawa ya sauka a bayan gari da gishiri da dabino. Na ce to ga masu abu sun zo. Da safe kakata ta ba ni rabona tana tsokanata wai na rame, ko wata ce a waje take hana ni ci. Na yi kamar zan ci, na faki idonta na zura shi cikin aljihun riga. Na tuna dokarta sarai lokacin da nake ƙetare dokin ƙofa. Na ce wa kaina ai ba sayarwa zan yi ba, ilimi zan nema, kuma matambayi ba ya ɓata.

Zangon ya cika da mutane, cikinsu har da 'yan unguwarmu da suka zo sayen gishiri. Aka nuna mini madugun, wani dattijo mai baƙin amawali, idanunsa kaɗai ake gani. Na yi sallama, na fito da cukun, na yi tambayata da ƙarfi yadda nake yi wa ɗalibai, don ina so a shaida. Ya ce su ba cuku suke ce masa da harshensu ba, wannan sunan a kasuwannin Hausa suke jin sa. Har zai miƙo mini sai ya tsaya. Ya juya shi, ya shinshina, ya shafa naɗin bakin, ya sa babban yatsansa daidai cikin ramin da ke kusurwa.

Ya ce, "Wanga ba na kasuwa ba na. Wa yay yi shi?"

Na ce me ya gani? Ya ce a wurinsu bayi mata ke yin wannan aiki, kuma ana shanya na gidaje da yawa wuri ɗaya, don haka kowane gida da alamarsa. Naɗi biyu da yatsa a kusurwa alamar gidan uwarsa ce. Ya sake tambaya wa ya yi.

Ko a nan ina da damar in ce saye na yi a hanya. Amma ni a lokacin abin da na ji kawai shi ne ga sanadi ya fara fitowa, mutum na farko a silsila yana tsaye a gabana. Na ce kakata ce ta yi, na faɗi gidanmu, har da kwatance. Wani maƙwabcinmu da ke tsugune yana taya gishiri ya ajiye shi a hankali ya tashi ya tafi. Sai da na kama hanyar gida kalmar "bayi" ta dawo mini cikin kunne. Ban shiga ɗakinta ba ranar.

Kashegari bayan la'asar babana yana biya karatu, zaure cike da ɗalibai, ni ina gefe, sai ga madugun ya yi sallama da jakar dabino a hannu. Wallahi ba da mugunta ya zo ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Murna ce fal a idanunsa. Ya gaisa, ya ce ya zo gai da yarinyar gidansu ne, wadda aka sayar tun yana ƙarami a wata shekara ta fari. Ya ce ita ta goya shi, ita take ɓoye masa cuku in uwarsa ta hana. Ya faɗi wani suna da suke kiranta da shi, sunan da ban taɓa ji ba, ya ce a gaya mata ɗan da ta goya ya tsufa.

Babana ya saurare shi har ya gama. Ya karɓi dabinon da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce tsohuwa ba ta jin daɗi yau, amma za a isar mata. Ya ba shi goro, ya raka shi har bakin ƙofa. Da ya dawo ya zauna sai ya ci gaba da karatu daga kan kalmar da ya tsaya. Muryarsa ba ta canza ba. Zauren nan kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da tsakar gida, duk abin da aka faɗa an ji shi a ciki.

Da ɗalibai suka watse na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga wa babana murya ba sai ranar. Na ce don me bai gaya mini ba? Don me kowa ya bar ni ina yawo a gari kamar makaho?

Ya ce, "Na ce ka bari."

Na ce "bari" ba bayani ba ne.

Ya ce, "Kana so in zamna in hwaɗa ma ɗana an sayi uwata kasuwa? Kai za ka iya?"

Daga nan ya gaya mini sauran a taƙaice, yana kallon bango. Kakana ya saye ta tana budurwa, ya sa ta ɗaka. Da ta haifi babana aka tambaye ta abin da take so, ba ta ce zane ba, ba ta ce saniya ba. Ta ce a riƙa cewa ita ɗiyar malam ce daga Adar. Kakana ya faɗa a zaure sau ɗaya, unguwa ta karɓa. Dattijon da ya ba ni goro yana wurin. Bafulatanar nan ta sani. Tsofaffin matan unguwa duk sun sani, shekara hamsin suna zuwa suna da biki suna gaishe ta da ɗiyar malam, babu wadda bakinta ya taɓa zamewa ko a cikin faɗa.

Na san abin da littafi ya ce, na ma fara karanto masa: ɗan sa-ɗaka ɗa ne, uwarsa ta 'yantu, manya da yawa a garin nan haka aka haife su, babu abin kunya. Babana ya ce ya riga ni sanin wannan babin. Ya ce tsohuwa ba cikin littafi take zaune ba.

Kwana biyu ina kewaya ɗakinta. A na uku da hantsi na shiga. Rumfar shanya babu komai a kai. Madarar safe ta ba matata ta ce a dama wa yara kunu. Tana zaune a bakin gado ta yafa mayafi kamar mai jiran baƙo.

Na ce, "Amarya, ina kwana."

Ta ce, "Lahiya lau, Malam. Zamna. An ce kana biɗar asali. Ɗauko alƙalami."

Na ce ban zo da wannan ba, na zo ba ta haƙuri ne. Ta ce ai an riga an biya kuɗin karatun, gara in karɓa. Sai ta jero mini shi tiryan-tiryan, yadda muke jero sanadi. Ta ce tana famfara aka ɗauke ta a bakin gonar gero tana korar tsuntsaye, ba ta san sunan garin ba yanzu, ta dai tuna akwai rijiya kusa da wata tsamiya. A gidan Azbinawan da aka kai ta, wadda ta koya mata cuku wata baiwa ce mai ido ɗaya, da sanda take koyarwa, a kan yatsu. Ita kuma mai ido ɗayan ta koya daga wata da ta mutu kafin kakata ta zo. Ta faɗi sunan da suke kiran abin da harshensu, sau ɗaya ta faɗa, ba kuwa zan rubuta shi a nan ba. Kalmar cuku kuwa, ta ce ba ta taɓa jin ta ba sai ranar da aka shigo da ita kasuwar garin nan, wata mata na tallarsa kusa da inda aka zaunar da su don sayarwa.

Ta ce, "To ka ji. Inda sunan yaf fito ban sani ba. Ka samu abin da kaka biɗa?"

Ban samu ba. Duk wannan tonon sililin da na yi, na kwance wa tsohuwa zane a gaban ɗaliban ɗanta, kuma amsar tambayar ma ba ta wurinta. Sai na tambaye ta, in abin yana tuna mata da wancan zamani, don me ta ci gaba da yinsa duk shekarun nan?

Ta ce, "Shi ɗai niz zaka da shi. Kowace mace ta shigo gidan ga da kayan ɗaki, ni da shi nis shigo." Ta ƙara da cewa, "Kuma kana so nai."

Washegari na je rumfar fata. Bajamushen ya ce ina labarin cuku. Na ce ban sani ba. Ya ce ban sami kowa ba? Na ce ban samu ba. Malami ya ce wa Bature bai sani ba, abin da na yi wata biyu ina gudu ke nan, sai ga shi ya fita daga bakina ban ji komai ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba komai, ƙaramin abu ne, ya juya shafi ya tambaye ni sunayen sassan sirdi. Na ji kamar in kife masa tawadar a ka. Ba a daɗe ba yaƙi ya tashi tsakanin Nasara a can ƙasashensu, Ingilishi suka zo suka tafi da shi, aka rufe shagon. Ban san inda littafin ya ƙare ba, da filinsa fari.

A unguwa babu wanda ya canza mana fuska. Tsofaffi suka ci gaba da gaishe ta da ɗiyar malam, har ma sun fi da nanatawa, ita kuwa ta daina fita suna da biki. Ba ta sake yin cuku ba. Ƙananan tabarmin nan na gan su daga baya an rufe akurkin kaji da su. Awakin ta raba wa jikoki mata.

Ta yi shekara uku bayan wannan. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ba ta hana ni shiga ɗakinta ba. In na shigo takan gyara zama ta ja mayafi, ta tambaye ni ɗalibai da iyali, in amsa, in tashi. Na gwada duk dabarar da na sani. Na saya mata zane na ce ga na amarya, ta yi godiya ta sa albarka. Na ce mata zan yi mata kishiya, maganar da a da sai ta jefe ni da ludayi, ta ce Allah ya sa alheri. A ciwonta na ƙarshe na zauna kusa da kanta da rana tsaka, na riƙe hannunta, na ga babban yatsan nan da ya ɗan karkace. Na sunkuya na ce, "Amarya, mijinki ne." Ta buɗe ido ta dube ni sosai, ta gane ni. Ta ce, "Sannu, Malam."

Yanzu kowa a garin nan Malam yake ce mini, har matana. In an kawo mini cuku tsaraba, kafin in miƙa wa yara nakan juya shi in duba kusurwoyinsa huɗu. Ban taɓa samun mai yatsa ba.